Ranar da Na Tafa Ni Kaɗai

Ni dai ban iya waƙa ba. In na buɗe baki a tsakar gida, karen maƙwabta ma tashi yake ya sake wuri. Abu biyu na iya a duniya: romon taliya da tafi. Romon ne ya riƙe ni shekara arba'in a kasuwar Long Xuyen. Tafin kuwa, har zuwa bara, na ɗauka shi ne abu ɗaya tak da na yi wanda ya riƙe wani.

Babu wanda ya tashi a bakin kogin nan bai san wasan "Riga Mai Hannu Ɗaya" ba. Labarin wata tela ce da aka kwashe mijinta aikin tilas, haƙar hanyar ruwa, ta zauna tana ɗinka masa rigar da zai sa ran da ya dawo. Ta gama jikin rigar, ta haɗa hannu ɗaya, sai aka kawo mata malfarsa, ba shi. Iyakar labarin ke nan, sauran duk hanya ce ta zuwa waƙar. Takan zauna da rigar a cinya, allura a hannu, ta ja numfashi ɗaya, ta fara lissafa masa abin da ta ajiye masa: busasshen kifi, tabarmar da ta gyara, gwandar da ta fara 'ya'ya a bayan ɗaki, sunan da ta zaɓa wa cikin da bai san da shi ba. Duk a numfashi ɗayan nan, murya na hawa tana hawa, har kai mai sauraro ka ji ƙirjinka ya ɗauki zafi. Sannan ta sauko da muryar ƙasa ta dire ta a kan kalma ɗaya. Wannan muke kira saukar. A wasan waƙa irin namu, cai luong, a nan ake tafi, ba gabansa ba, ba bayansa ba. Mai gita ma ya sani, yakan bar gurbi yana ɗan wasa da tsirkiya har hannuwa su lafa.

An taɓa wasan nan ta kowace fuska, kuma duk wanda ya taɓa shi sai ya bar tabo. An yi fim ɗinsa da wata 'yar birni mai dogon farce, tana riƙe allura kamar karan sigari. Masu sharhi a jaridun birnin Saigon suka ce an tsamo wasan daga laka. Mu kuma muka cika silima, da aka zo saukar muka ɓarke da tafi, yarinyar da ke jikin bango ba ta jira kowa ba, ta wuce abinta, ba wanda ya ji baiti biyu na gaba. Sai suka rubuta cewa mutanen karkara suna tafa wa farin ƙyalle. An kuma yi na talabijin, inda mijin ya dawo da ransa a ƙarshe, da hannu ɗaya, wai don rigar ta yi masa daidai. Wani mai gyaran keke a layinmu ya jefi akwatinsa da takalmi, kuma har yau ban ga laifinsa ba.

Mu a wajenmu tela ɗaya ce, Bich Nhan. Tana 'yar shekara sha tara ta fara ɗaukar allurar nan, ba ta ajiye ba. Shekara talatin da biyu kafin ranar da nake ba ku labari, ta yi ciwon huhu, ta ɓace wata goma sha huɗu. Aka ce ta mutu, aka ce ta bi wani ta tsallake teku. Sai ga jirgin ruwan ƙungiyarsu ya tsaya a gaɓarmu, aka kafa dandamali a filin haikali, ga ta a kai. Ina layin gaba, kusa har ina jin ƙamshin hodarta. Ta ja dogon layin waƙar, ta kai shi, ta sauka. Muka tafa kamar kullum, huɗu ko biyar, hannuwa suka fara lafawa. Ni kuwa na ga abin da na baya ba su gani ba. Leɓɓanta sun yi fari a ƙarƙashin jan-baki, kafaɗunta na hawa da sauka, tana neman iska ba ta samu. Mai gita ya kusa cinye gurbinsa. Ban yi shawara da kowa ba, na ci gaba da tafi, da ƙarfi, kamar mai korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Tam Dat, mai jirgin fito da ke zaune kusa da ni, ya dube ni, ya dubi dandamali, ya kama. Fili ya sake ɗauka gaba ɗaya. Muka yi ta yi har ta ɗaga allurar ta goga a gashin kanta, yadda teloli ke yi in allura ta ƙi shiga ƙyalle. Na tsaya, kowa ya tsaya, ta ci gaba da waƙarta.

Washegari ma haka aka yi, da jibi. Kafin shekara abin ya bi kogi ya kai Sa Dec, ya kai Chau Doc, ya kai duk inda jirginsu ke tsayawa: ba a daina tafi sai allura ta taɓa gashi. Yaran da suka taso bayan nan sun ɗauka haka marubucin ya tsara. Har 'yan matan da ke kwaikwayonta a ƙananan ƙungiyoyi suna goga allura a kai, ba su san dalili ba. Mu 'yan kaɗan ne muka sani, kuma bakinmu a rufe yake. Da shekaru suka tura, tafin ya yi ta ƙara tsawo. Akwai ranar da na ƙirga ashirin da biyu.

A makon farkon nan Nhan ta zo rumfata, ba kwalliya, da malfa ta rufe rabin fuska, ta zauna a 'yar kujerar roba.

"Ke ce mai hannun katakon nan?" ta ce.

"Ni ce, Yaya."

"To zubo min. Kar ki sa barkono."

Daga ranar, in dai tana gari, a rumfata take karyawa. Na san ciwon gwiwarta, ta san sunan kowane jikana. Amma maganar tafi ba mu taɓa yin ta ba, ko sau ɗaya. Ni na ɗauki shirun nan a matsayin godiya, irin wadda ta fi ƙarfin baki.

Mutum ɗaya na gaya wa, kuma zuciya ce ta ɗebe ni. Khiem ɗan ƙanena ne, ni na riƙe shi bayan uwarsa ta rasu, a cinyata ya fara ganin wasan yana tsotsar rake. Ya yi karatu, ya sa tabarau, ya zama mai sharhin wasanni a wata jaridar Saigon. Shekara uku da suka wuce ya rubuta cewa dogon tafin mutanen kogi yana yanka waƙar gida biyu, kuma lokaci ya yi da za a koya wa masu kallo sauraro. Mai sayar da shayi ne ya karanta min, da ƙarfi, don kowa ya ji. Da Khiem ya zo gida bikin sabuwar shekara na tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Kai, zo nan. Wa ya koya maka tafi?"

"Gwaggo, aiki ne. Abin da na ji na rubuta."

"Da kunnen da na yi ta wanke maka?"

"Ki duba fa, Gwaggo. Mace ta gama cewa mijinta ya mutu, ku kuma kun kama tafi kamar an ci ƙwallo. Kafin ku gama, baƙin cikin ya huce."

Nan na zazzage masa komai, tun daga filin haikali har allura. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Huhu ɗaya gare ta?"

"Ɗaya da guntu."

"Kuma ta san abin da kuke yi?"

"In ba ta sani ba, wa ke goga allurar, ni?"

Na ja shi gaban hoton uwarsa, na kunna turare, na sa ya yi alkawarin ba zai rubuta ba. Kuma bai rubuta ba. A takarda dai yaron nan ya cika alkawari.

Bara wasan ya cika shekara hamsin. Aka ce za a yi shi a babban zaure a Saigon, da sabon darakta da sababbin 'yan wasa, amma in an zo waƙar, Bich Nhan da kanta za ta fito, karo na ƙarshe, kuma za a ɗauka don talabijin. Khiem ya aiko min tikiti shida. Na yi ta juya su ina murna har na ga rubutun da ke baya: ana roƙon masu kallo kada su yi tafi sai an sauke labulen ƙarshe.

Sai na tuna Nhan. Shekararta sittin da tara. Na hango ta zaune gaban mutum dubu da na'urar ɗaukar hoto, ta sauka, zaure ya yi tsit, mai gita ya cinye gurbinsa, bakinta a buɗe ba abin da ke fitowa. Kuma wannan ne hoton da za a ajiye, shi jikokinmu za su gani su ce wai wannan ce kuke ta kuka a kanta. Na ɗauki waya na kira ta.

"Yaya, kin ga abin da suka rubuta a bayan tikiti?"

"Na gani."

"To ya za a yi?"

"Ya za a yi da me?"

Na rasa ta inda zan kama, don ba mu taɓa ba wa abin suna ba. Na ce, "Da saukar."

Ina jin numfashinta a waya yana ɗan fito, kamar butar da ta kusa tafasa.

"Ki zo kawai, Luom. Ki zauna ki ji. Ki sa rigarki mai kyau."

Na ɗauka taurin rai ne irin nata, ba ta son ta roƙa. Na ce a raina ba sai kin roƙa ba. Na bi gida-gida na tattaro biyar daga cikin waɗanda suka sani, duk tsofaffi, ba mai cikakken haƙori a cikinsu. Muka ƙulla cewa ko me aka rubuta, ni zan fara, su kama, in mutum shida suka dage zaure zai bi. Wasan ƙarfe uku na rana ne, muka hau motar safe da ƙunshin shinkafa a ganyen ayaba.

"Ko 'yan sanda suka jibge a ƙofa, ni sai na tafa," in ji Tam Dat, wanda yanzu ya kai saba'in da takwas, kunnensa ɗaya ya yi ritaya tare da jirginsa.

"Kai dai tsoho ka juyo da kunnen mai aiki," na ce. "Kar ka tafa a inda aka kawo malfar mamaci ka kunyata mu."

"Ina tafi tun kina ƙona albasa."

"Har yau da ƙonanniyar albasar kake karyawa, kyauta."

Haka muka yi ta yi har Saigon. Rabon da in yi dariya irin ta ranar na manta.

Zauren sanyi ƙalau, ƙasa duk kafet, ko takun mutum ba a ji. A ƙofa muka gane kujerunmu ba a jere suke ba. Biyu a can gefe, biyu a baya, Tam Dat a bene, ni kaɗai a layi na huɗu. Na ɗauka kuskure ne. Khiem ya zo da kwat ɗinsa ya kama hannuna ya raka ni.

"Gwaggo, don Allah yau ki bar hannunki a cinya. An shirya komai."

"An shirya mata sabon huhu ne?"

Ya kau da kai, ya ce ana kiransa, ya je ya zauna a layin gaba cikin 'yan'uwansa masu littafi da biro.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, yaran sun yi ƙoƙari. An zuba ruwa na gaske a dandamali, ga laka, ga masu haƙa suna waƙa da murya ɗaya. Yarinyar da ta fito a matsayin telar a ƙuruciyarta ta iya riƙon allura, da alama wani ya nuna mata. Amma ni ba na gani sosai, hannuwana sai gumi suke yi duk da sanyin. Aka kawo malfa, aka rage fitila, yarinyar ta fice ta wannan gefe, Nhan ta shigo ta wancan, 'yar ƙarama, a hankali, tana jan ƙafar mai ciwo. Ba wanda ya motsa. Ta zauna, ta ɗora rigar a cinya, ta zare allura.

Da ta fara, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Muryar tas, ba gargada, ba wannan ɗan kaushin da ciwo ya bar mata a maƙogwaro. Kifin, tabarmar, gwandar, sunan jaririn, tana hawa kamar ba ta taɓa sanin tari ba. Na ce lasifikar birni daban ce. Na ce addu'ata ce aka karɓa. Hawaye ya zubo min, ban share ba, don hannuwana a shirye suke.

Ta sauka. Zaure ya yi tsit. Na tafa.

A cikin shirun nan tafina ya fita kamar an karya katako. Ɗaya, biyu, uku. Na saurari gefe, ba kowa. Na saurari baya, ba kowa. Na ɗaga kai na hango Tam Dat a bene, ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Na ce ko ni kaɗai ce zan riƙe ta, na ƙara ƙarfi.

Sai muryar ta ci gaba.

Ta bi ta kan tafina ta wuce, cike da iska, ba gurbi, ba jira. Na dubi kafaɗun Nhan, a kwance suke. Allura na cikin ƙyalle, ba ta nufi gashi ba. Bakinta na motsi daidai da kalmomin. A kalma ta uku ta sabon baitin sai na ji tsirkiyar gita ta ɗan kuɓuce, ƙyas, ta dawo. Na san wannan kuɓucewar. Tana cikin kaset ɗin da ta yi tana 'yar ashirin da biyar, kafin ciwo, wanda na yi ta juyawa a rumfata har rubutun jikinsa ya goge. Mai gitan da ya yi kuskuren ya daɗe a ƙasa. Tsohon faifan suka wanke, suka yanke gurbin tafi, suka saka mata ta bi da baki.

Hannuwana ba su gane da wuri ba, sai da suka ƙara biyu su kaɗai. Aka fara tsaki ta ko'ina. Matar da ke kusa da ni ta janye gefen rigarta. Wata yarinya mai tocila ta durƙuso ta taɓa kafaɗata, ta ce, "Inna, don Allah." Nhan ba ta dubi inda nake ba, alhali ta san kujerar.

Da aka sauke labule zaure ya miƙe tsaye, aka yi ta tafi har aka ɗaga labulen sau biyar. Ni ina zaune. Kunya ce ta fara zuwa, mai zafi, har kunnuwana. Bayanta baƙin ciki ya zo ya zauna, shi bai tashi ba.

Na sami Khiem a ƙofar da ke kaiwa bayan dandamali. Ya tare hanya da jikinsa.

"Kai ka gaya musu," na ce.

"Ban rubuta ba, Gwaggo."

"Ban tambaye ka rubutu ba."

"Darakta ne ya tambaye ni ko za ta iya ba tare da tafi ba. Me zan ce masa? In yi shiru ta faɗi a gaban duniya?"

"Sai ka ce a bar mutane su tafa. Me tafi ya ci muku?"

"Na faɗa, Gwaggo. Wallahi na faɗa, shi ma ya yarda. Ita ce ta ƙi."

"Ƙarya kake."

"Ita ta kawo faifan da hannunta. Ita ta ce a raba muku kujeru."

Na ture shi na wuce. Ɗakinta na ƙarshe ne, cike da furanni har ba wurin sa ƙafa. Tana zaune gaban madubi tana goge hoda da auduga, rigar mai hannu ɗaya na rataye a bayan kujera. Ta gan ni ta madubi.

"Kin sa rigar mai kyau," ta ce.

"Wa ya yi waƙa yau, Yaya?"

"Ni."

"Kaset ɗin nan yana rumfata. Na san inda tsirkiya ta kuɓuce."

"To muryar wa ke cikin kaset ɗin? Taki?"

"Me ya hana ki gaya min? Na kira ki, na tambaye ki. Kin bar ni na kwaso tsofaffi biyar tun safe, na zauna gaban mutum dubu ina tafi kamar wadda ta zare."

"Na ce ki zauna ki ji. Ba kya ji ne, Luom. Shekara talatin da ɗaya ba ki saurari waƙar nan ba, ƙirjina kike kallo."

Ta ajiye audugar ta juyo. Rabin fuskarta da hoda, rabi babu.

"Kin san abin da nake yi in kuna tafin nan? Ƙirga nake. Goma, sha biyar, ashirin. Kowane ɗaya ce min yake ba ki iya ba. Gari guda ya taru yana jira in sami iska, ni kuma in ɗaga allura in goga a kai, a sake ni. Ba butulci nake ba, kun riƙe ni, da hannunki na ci abinci duk shekarun nan. Amma sau ɗaya kafin in mutu na so in sauka in wuce, ba wanda ya tallabe ni."

"Ai ba ke kika wuce ba. Wata yarinya ce 'yar ashirin da biyar."

"Ita ce Bich Nhan," ta ce. "Wadda kuka yi ta tafa wa saura ce."

Wannan kalmar ta fi tsakin zauren nan duka ciwo. Saura. Ni da na rufe rumfa na bi ta gari-gari a kwale-kwale, cikin ruwan sama, da goyo a baya. Yarinyar cikin kaset murya gare ta, ba musu, amma ba ta taɓa rasa komai ba, tana lissafa kayan mamaci kamar mai karanta cefane. Wadda ta dawo daga ciwo, mai kaushi a maƙogwaro, wadda ke kai layin nan da ƙyar kamar ranta zai bi shi, ita ce ta sa na yarda an kawo wa wata mata malfar mijinta. Ranar farko tsoro ne ya sa ni tafi, na yarda. Sauran dubun ba tsoro ba ne, kuma ba tausayi ba ne. Ashe duk tsawon lokacin nan muna zaune a rumfa ɗaya, ni ina ganin ina ba ta kyauta, ita tana ganin ina nuna ta da yatsa, kuma ta ci romona ba ta ce uffan ba.

Na buɗe baki zan faɗa mata. Na ce, "Yaya, sauran nan fa…"

Sai ƙofa ta buɗe, darakta ya shigo da masu sharhi a bayansa, da masu ɗaukar hoto, da ƙarin furanni. Ta miƙe, murmushi ya hau fuskarta nan take, aka yi ta kama hannunta. Wani mai furfura ya dube ni ya dube ta yana jiran a gabatar da ni.

"Mai romon taliya ce daga Long Xuyen," in ji ta. "Romonta ba na biyu."

Na sunkuyar da kai na gaishe su, na fita.

Muka hau mota, muka haye babbar gada. Tam Dat ya matso kusa da ni yana murza malfarsa.

"Hannuna ne ya ƙi, Luom. Na ji kin fara, na ce yanzu, na ce yanzu. Wurin nan ya yi min girma."

"Ka yi daidai, tsoho. Yau ka fi ni hankali."

"Amma ta kai fa. Kin ji muryar? Kamar da."

Na dube shi. Idonsa jawur, ya yi kuka ya ƙoshi, yana murna. Na ce, "Na ji." Ban gaya masa ba, har yau ban gaya wa sauran ba.

Bayan kwana biyu sharhin Khiem ya fito, mai shayi ya karanta da ƙarfi kamar yadda ya saba. Wai a shekara hamsin wannan ne karo na farko da aka ji waƙar ɗungurungum, kuma Bich Nhan ta nuna wa matasa abin da ake kira numfashi. Wai masu kallo sun nuna wayewa, in ban da wata baiwar Allah da ƙauna ta fi ƙarfinta. Bai ambaci faifai ba. Yana zuwa gida har yanzu, yakan zauna a 'yar kujerar roba, nakan zuba masa kamar kowa in ce, "Malam, da barkono ko babu?" Nhan ta kira sau biyu, ban ɗaga ba. Ba ta yi na uku ba.

Wata uku bayan nan aka nuna wasan a talabijin, ran Lahadi da hantsi. Mai shayi ya fito da akwatinsa bakin hanya, ya ƙure murya, kasuwa ta watse ta taru a gabansa, masu kifi da wuƙaƙensu, masu babur a kan baburansu. Ni ina rumfata ina wanke kwanuka, amma daga nan ana ji sarai. Sun goge tafina tas, ko alamarsa babu.

Ta ja layin, ta sauka. Kasuwa ta ɓarke da tafi, yaro da babba, irin namu mai tsawo, kowa ido a kan allura yana jira. Muryar ta wuce abinta. Tafin ya yi ta raguwa a rikice, wasu na ci gaba, wasu na cewa a yi shiru.

"Ai ba ta goga allurar ba," in ji wata.

"Mantawa ta yi. Tsufa ne."

Matar da ke sayar da ganye kusa da ni ta waiwayo, hannuwanta ja don tafi, ta gan ni durƙushe, hannu biyu cikin ruwan wanke-wanke.

"Inna Luom, lafiya? Yau ke ce ba ki tafa ba?"

"Ba ta buƙata," na ce. "Miƙo min kwanon can."